Tukunyar CO2 a Motar Shiga Daji: Yadda Ake Cika Ta da Yadda Ake Ɗaure Ta

Duk mai kallon bidiyon motocin hawa duwatsu da keta rairayi a YouTube ko TikTok ya taɓa ganin wata tukunya mai kama da ta kashe gobara a ɗaure a bayan Jeep Wrangler ko Land Cruiser. Da an fito daga daji sai direba ya jawo tiyo daga jikinta, ya bi tayoyin nan huɗu, kafin wani lokaci mai tsawo kowace ta miƙe. Babu ƙarar inji, babu wayar batir. Abin da ke cikin tukunyar iskar kabon dayoksaid ce, wadda ake taƙaitawa da CO2, irin wadda ke sa lemon kwalba kumfa.

An fi amfani da wannan na'ura a Amurka, a wurare irin su Moab da ke jihar Utah da hanyar Rubicon da ke Kalifoniya, inda kamfanoni kamar Power Tank ke sayar da ita haɗe da kayanta. Amfaninta a bayyane yake, amma haɗarinta a ɓoye yake. Tukunyar da aka cika fiye da ƙima, ko aka bari a rana, ko aka ɗaure da igiyar roba, tana iya yin sanadin rai. Wannan darasi ya ƙunshi yadda take aiki, yadda ake cika ta, da yadda ake kafa ta a mota.

Me ya sa ake rage iskar taya tun farko?

Tayar mota irin Hilux takan ɗauki matsin iska tsakanin psi 30 zuwa 35 a kan kwalta. A cikin rairayi, taya mai tauri haka takan yi haƙa ne, tana nutsewa. Idan aka rage iskar zuwa psi 15 ko 18, sai tayar ta baje, wurin da take taka ƙasa ya ƙara tsawo, nauyin mota ya rarrabu, motar ta riƙa bi ta saman rairayin. A kan duwatsu kuma taya mai laushi tana lanƙwasawa ta kama dutsen. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga direbobin da ke bin Tenere daga Agadas zuwa Dirku da Bilma, haka ma masu keta hamadar Simpson a Ostareliya.

Matsalar tana zuwa ne idan an dawo kan kwalta. Gudu da taya mai ƙarancin iska yana sa gefenta ya riƙa lanƙwashewa yana miƙewa ba ƙaƙƙautawa, ta ɗauki zafi, daga nan sai fashewa. Dole ne a mayar da iskar kafin a taka mota, kuma a tsakiyar daji babu mai faci. Ko dai a ɗauko kwamfiresa mai aiki da batir, ko a ɗauko tukunyar CO2.

Abin da ke cikin tukunyar ruwa ne

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. CO2 da ke cikin tukunya ba a matsayin iska take zaune ba. Idan aka matse ta sosai takan koma ruwa, ta kwanta a ƙasan tukunya, iska kaɗan ta taru a samanta. Da an buɗe bawul iskar saman ta fita, sai wani ɓangare na ruwan ya tafasa ya cike gurbin. Haka zai ci gaba har ruwan ya ƙare.

Saboda haka matsin da ke cikin tukunyar ba yawan abin da ke ciki yake bi ba, zafin wurin yake bi. A digiri 0 na ma'aunin Salshiyas matsin yana kusan psi 500. A digiri 20 ya kai wajen psi 830, wato kusan ba 57. Tukunya cikakkiya da wadda saura rabi duk lamba ɗaya gejinsu zai nuna idan suna wuri ɗaya. Allurar geji ba za ta fara sauka sosai ba sai ruwan ya ƙare, kuma a lokacin mafi yawan abin da ke ciki ya riga ya tafi. Lamarin kamar wayar da batirinta ke nuna kashi 80 tun safe, sai kawai ta mutu da la'asar. Hanya ɗaya ce ta sanin gaskiyar abin da ya rage: a ɗora tukunyar a kan sikeli.

Zaman CO2 a matsayin ruwa shi ne sirrin ƙarfinta. Kilo ɗaya na ruwan yana ba da iska kusan lita 540 idan ya fito sarari.

Taya nawa tukunya ɗaya za ta hura?

Ana sayar da tukwanen ne da ma'aunin nauyi na Amurka, wato laba, wadda ake rubutawa lb a jikinsu. Akwai mai laba 5, da 10, da 15, da 20. Wadda aka fi ɗauka ita ce mai laba 10, kusan kilo 4.5 ke nan na CO2.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Kilo 4.5 sau lita 540 ya ba da kusan lita 2,400 na iska. A ɗauka cikin tayar Hilux yana cin lita 60, kuma ana son ɗaga ta daga psi 15 zuwa 35. Bambancin psi 20 ne, wato kusan ba 1.4. Lita 60 sau 1.4 ya zama lita 84 ga kowace taya. Idan aka raba 2,400 da 84 za a samu taya 28 da ɗoriya. Ke nan tukunyar za ta hura tayoyi huɗu kusan sau bakwai kafin ta nemi ciko. Idan tayoyin manya ne, irin masu inci 35 ko 37 da ake sa wa motocin hawa dutse, adadin zai ragu sosai.

Don a ga bambanci: da a ce iskar kwamfiresa aka zuba a wannan tukunyar har psi 150, abin da za ta riƙe bai wuce lita 70 ba. Ko taya ɗaya ba zai gama ba.

Rubutun da ke wuyan tukunya

Kafin a biya kuɗin tukunya, musamman ta hannu, sai a karanta abin da aka buga a kafaɗarta. Abubuwa uku ne suka fi muhimmanci.

Na farko lambar ƙira. A tukwanen Amurka za a ga rubutu kamar DOT-3AL1800. DOT hukumar sufurin Amurka ce, 3AL yana nufin tukunyar alminiyam ce marar walda, 1800 kuma shi ne matsin aikinta a ma'aunin psi.

Na biyu nauyin tukunyar idan babu komai a ciki, wanda ake rubutawa bayan haruffan TW. Wannan lamba ita ce ginshiƙin duk wani lissafin ciko. Sai a lura ko da laba aka rubuta ko da kilo.

Na uku ranar gwaji. Ana buga wata da shekara, da alamar mai gwajin a tsakaninsu. A dokar Amurka, duk shekara biyar sai an yi wa irin wannan tukunya gwajin ruwa: a cika ta da ruwa, a matsa har psi 3,000, a auna yadda jikinta ya buɗa da yadda ya koma. Wadda ta faɗi gwajin an daina amfani da ita ke nan. Shagon da ya san aikinsa ba zai cika tukunyar da wa'adin gwajinta ya wuce ba.

Akwai wasu alamomin da ke sa a haƙura da tukunya ko da araha ce: lotsawa, zurfin tsaga, tsatsa mai cin ƙarfe, ko lambar da aka goge da gangan. Tukunyar alminiyam da ta taɓa shiga gobara ma ta tashi daga aiki, domin zafin da ya kai digiri 175 yana raunana ƙarfen ko da ido bai ga komai ba. Haka kuma wasu tsofaffin tukwanen alminiyam da aka ƙera kafin ƙarshen shekarun 1980 an yi su da wani haɗin ƙarfe mai lamba 6351 da aka gano yana tsagewa a wuya, shi ya sa masu ciko da yawa ke ƙin taɓa su.

Sai kuma bakin bawul. A Amurka ana amfani da mai lamba CGA-320, a Turai kuma akwai nasu zaren, kamar DIN 477 mai lamba 6 na Jamus. A ido suna kama, amma zarensu ba ɗaya ba ne. Wanda ya yi odar tukunya daga Amurka ya sayi ragileta ƙirar Turai zai iya tarar da ba su hau juna daidai ba. Ba a tilasta su da sifana. Ana neman mahaɗin da aka ƙera don wannan matsi, ko a sayi kayan daga tushe ɗaya.

Ina ake cikawa?

Wurare uku ne aka saba: kamfanonin da ke sayar da iskar masana'antu da ta walda, masu gyara da cika tukwanen kashe gobara, da masu kai wa shagunan lemon famfo iska. Wasu suna cika tukunyar mutum su miƙo masa abarsa. Wasu musanya suke yi, a ba su wadda ta ƙare su ba da cikakkiya. Mai sabuwar tukunyar alminiyam ya tambaya tun kafin ya miƙa ta, don kada ya koma gida da tsohuwa ta baƙin ƙarfe mai nauyi, wadda ma ba lalle ta shiga mariƙin da ke motarsa ba.

Abubuwa biyu ne ba a ko gwada su. Ba a zuba CO2 a tukunyar gas ɗin girki. Matsin gas ɗin girki a yanayin ɗaki bai kai psi 150 ba, kuma ba a ƙera tukunyarsa don ta ɗauki psi 800 ba, ballantana fiye. Sannan ba a hura taya da iskar oksijin ta masu walda. Oksijin mai matsi idan ta haɗu da mai, ko giris, ko roba, tana iya kamawa da wuta nan take. CO2 ba ta cin wuta, shi ya sa aka zaɓe ta.

Yadda ciko na ƙwarai yake tafiya

Ciko aikin ƙwararru ne, amma ya kamata mai tukunya ya san matakan don ya gane ko ana yi masa daidai.

Da farko mai ciko zai duba ranar gwaji da lafiyar jikin tukunyar da bawul ɗinta. Sai ya fitar da sauran iskar da ke ciki a fili, ya ɗora tukunyar a sikeli, ya tabbatar nauyinta ya yi daidai da lambar TW. Idan an ɗaura mata hannun riƙo ko an bar ragileta a kai, sai a cire su ko a lissafa nauyinsu daban.

Daga nan sai a haɗa ta da babbar tukunya. Manyan shaguna suna da famfon da ke tura ruwan CO2. Ƙananan kuwa sukan yi amfani da babbar tukunya mai bututu a ciki wanda ya sauka har ƙasa, domin ruwa ya fito ba iska ba. A wannan hanya ta biyu sai ƙaramar tukunyar ta fi babbar sanyi kafin ruwan ya yarda ya shiga, tunda sanyi ne ke sauke matsi. Shi ya sa za a ga mai ciko ya zuba kaɗan, ya sake shi ya fita, jikin tukunyar ya yi raɓa, sannan ya fara ciko na gaske.

Ana cikawa ne tukunyar na kan sikeli, ido na kan lamba. Da nauyi ya kai TW haɗe da adadin da aka ƙayyade mata, sai a rufe. Misali, tukunya mai laba 10 da aka buga mata TW 14.5, ana tsayawa ne a laba 24.5. Idan an zarce, sai a saki rarar a fili nan take.

Dalilin wannan tsanani shi ne ruwan CO2 yana kumbura da zafi fiye da yadda ake zato. Lita ɗaya tana da nauyin kilo 0.93 a digiri 0, ta koma 0.77 a digiri 20, ta sauka kusan 0.6 a digiri 30. Saboda haka dokar Amurka ta ce kada nauyin CO2 ya wuce kashi 68 cikin ɗari na nauyin ruwan da zai cika tukunyar. Tukunya mai laba 10 tana cin ruwa kusan lita 6.7, kashi 68 na wannan shi ne kilo 4.5 ɗin nan. Gurbin da aka bari na kumburi ne. Mai cikon da ya ƙara kilo ɗaya da sunan gyara ko kyautatawa, cutar da mai tukunya ya yi, domin da ruwan ya cika tukunyar maƙil, kowane ƙarin digiri ɗaya na zafi zai riƙa cilla matsin sama da sauri.

Bayan an karɓo ta, mai ita ya sake aunawa da kansa ya rubuta lambar. Ƙaramin sikelin rataye mai lambobi, irin na auna jakar matafiya, ya isa wannan aiki.

Zafi: inda lissafin Amurka ke neman gyara

Akwai wata iyaka a dabi'ar CO2, wato digiri 31. Da zafinta ya wuce haka, bambancin ruwa da iska ya ɓace, duk abin da ke cikin tukunyar ya zama abu guda mai kauri, matsinsa kuma ya ci gaba da hawa tare da zafi. Cikakkiyar tukunyar da ke nuna psi 830 a digiri 20 tana kusantar psi 2,000 a digiri 49. Wannan ya riga ya haura 1,800 ɗin da aka buga a wuyanta. Ƙa'idar masu harkar iska ita ce kada a bar tukunya a wurin da zafinsa ya wuce digiri 52.

A Sakkwato, ko Maiduguri, ko Agadas, zafin inuwa kansa yana haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Motar da aka rufe gilasanta aka ajiye a rana, cikinta yana iya wuce digiri 60. Ke nan abin da direban Kolorado zai gamu da shi jefi-jefi, a yankin Sahel shi ne yanayin kullum a lokacin bazara.

A jikin bawul akwai wani ɗan faifan ƙarfe da aka yi shi don ya fashe idan matsi ya kusanci psi 3,000, kafin jikin tukunyar ya kai ga tsagewa. Idan ya fashe, duk abin da ke ciki zai fito gaba ɗaya da ƙara mai razanarwa da farin hayaƙi, kuma ba a iya tsayar da shi. Wannan faifai shi ne mai ceton rai. Ba a toshe shi, ba a maye gurbinsa da kwabo ko guntun ƙarfe, ba a sa wanda ya fi shi ƙarfi.

A ƙasa mai zafi, hikima ita ce a roƙi mai ciko ya tsaya ƙasa da cikakken adadi, a ajiye tukunyar a inuwa, a sauke ta daga mota idan ba tafiya za a yi ba. Asarar hurin taya uku ko huɗu ta fi sauƙi a kan fashewar faifai a cikin mota.

Yadda ake ɗaure ta a mota

Tukunyar alminiyam mai laba 10 idan ta cika, haɗe da ragileta da hannun riƙo, nauyinta yana kai wa wajen kilo 12. A hannu ba wani abu ba ne. Amma motar da ke gudun kilomita 50 a awa, idan ta daki wani abu ta tsaya cikin rabin mita, duk abin da ke cikinta yana fizga da ƙarfin da ya ninka nauyinsa kusan sau 20. Kilo 12 ya zama kamar kilo 240, kusan buhun siminti biyar, yana tahowa ta bayan kan direba. Igiyar roba ko ɗaurin kaya na kasuwa ba za su riƙe wannan ba. Idan kuma bawul ya karye a faɗuwar, tukunyar za ta tashi da ƙarfin iskar da ke fita daga cikinta, ta ratsa abin da ta tarar.

Ga ƙa'idojin kafa ta:

1. A tsaye. Tukunyar hura taya ba ta da bututun ciki, an yi ta ne don iska ta fito ta sama. Idan tana kwance aka buɗe, ruwa ne zai shiga ragileta, ya daskarar da ita, ya lalata robobinta, har ya iya tura matsi mai yawa cikin tiyo. Wanda wurinsa ya tilasta masa kwantar da ita a tafiya, dole ya ciro ta ya tsayar kafin ya buɗe bawul.

2. Mariƙin ƙarfe mai gindi. Mariƙi na ƙwarai yana da faranti a ƙasa da tukunyar ke zama a kai, da maɗauri na ƙarfe mai makulli wanda ya yi daidai da faɗinta. Maɗauri biyu sun fi ɗaya. A sa shimfiɗar roba tsakanin ƙarfe da jikin tukunya, don girgizar hanya tana sa ƙarfe ya riƙa cin alminiyam a hankali.

3. A kama jikin mota na gaske. Ana ɗaure mariƙin a ƙarfen kariya na cikin mota da maƙalai masu noti, ko a huda daɓen bodi a sa kusoshi masu noti, M8 ko M10, masu lambar ƙarfi 8.8 a kansu. A ƙarƙashin daɓen a sa faffaɗan farantin ƙarfe, domin fallen bodi siriri ne, kan noti kaɗai zai iya yage shi ya fice. Sukurori masu cin ƙarfe da kansu, ko robar adon cikin mota, ba wurin kama tukunya ba ne.

4. A leƙa ƙasa kafin a huda. Tankin mai, bututun birki da wayoyin wuta duk suna bi ta ƙarƙashin daɓen baya.

5. Nesa da zafi da duka. Kada ta kusanci salansa. Kada a kafa ta a bamba ta baya inda wata mota za ta iya dukanta, ko a rufin mota inda rana ke gasa ta kuma reshen itace ke iya kama bawul. A bayan a-kori-kura, wuri mafi kyau shi ne kusurwar da ke jikin kan mota, tare da abin yi mata inuwa.

6. Kariyar bawul. Hannun riƙon da ke kewaye bawul da ragileta ba ado ba ne, shi ne ke karɓar duka idan tukunya ta faɗi.

Bayan tafiyar farko a sake bin notunan da sifana, sannan a riƙa dubawa lokaci-lokaci. Hanya mai gargada tana kwance abin da hannu ya ɗaure.

Haɗarin da ba a gani

CO2 ba ta da launi, ba ta da warin da zai faɗakar da mutum, kuma ta fi iskar da ake shaƙa nauyi da kusan rabi, don haka ƙasa take kwanciya. A sararin duniya kusan kashi 0.04 cikin ɗari ce kawai. Idan ta kai kashi 4 a wuri, hukumomin lafiyar ma'aikata na Amurka suna ɗaukar ta a matsayin barazana ga rai nan take. Daga kashi 7 zuwa 10 mutum yana iya suma cikin 'yan mintuna.

A ɗauka cikin babbar jif yana cin lita 4,000. Idan kashi ɗaya cikin goma kacal na tukunya mai laba 10 ya tsiyaye, lita 240 ke nan, wato kashi 6 cikin ɗari na iskar cikin motar. Direban da ya rufe gilas ya kunna na'urar sanyi zai fara jin ciwon kai da haki da jiri yana kan gudu. Wanda ke shakkar ƙarfin wannan iska ya tuna da tafkin Nyos na Kamaru, inda a watan Agustan 1986 CO2 ta taso daga ƙarƙashin ruwa ta bi kwari cikin dare, ta kashe mutum fiye da 1,700 da dubban dabbobi.

Saboda haka a wajen ɗakin fasinja ya fi dacewa tukunyar ta zauna. Idan dole sai a ciki, to a rufe babban bawul tamau duk lokacin da ake tafiya, a bar kafar shigar iska, kuma kada kowa ya kwana a motar tukunya na ciki. Idan faifan kariya ya fashe ana tafiya, a sauke gilasai duka, a gangara gefen hanya, kowa ya fita.

Yadda ake aiki da ita

Ragileta ita ce ke sauke matsin tukunya zuwa wanda taya da tiyo za su iya ɗauka. Wasu a kafe suke a wajen psi 150, wasu ana murɗa su. Dole ta zama wadda aka ƙera don CO2 kuma mai barin iska da yawa ta wuce. Ragiletar injin lemo ƙarama ce, takan daskare kafin a gama taya biyu. Tsakaninta da bakin bawul akwai 'yar wasa ta roba mai tauri, ita ce ke hana yoyo, ba farin tef na masu gyaran famfo ba. Yana da kyau a ajiye guda biyu ko uku a aljihun mota.

A tsayar da tukunya, a buɗe bawul a hankali, fuska na gefe ba saitin geji ba. A hura taya kaɗan-kaɗan ana tsayawa ana aunawa, domin saurinta yana sa a zarce ba a sani ba. A sa safar hannu: ƙarfen ragileta yana yin sanyi sosai, kuma CO2 da ta fito da ƙarfi tana iya zama busasshiyar ƙanƙara mai sanyin digiri 78 ƙasa da sifili, wadda ke ƙona fata kamar wuta. Idan an gama a rufe babban bawul, a saki iskar da ta rage a tiyo. Don gano yoyo, ruwan sabulu ya isa: a shafa a mahaɗai, inda ya yi kumfa nan ne matsalar.

Abu ɗaya da ya kamata a sani: CO2 tana ratsa robar taya da sauri fiye da iskar yau da kullum. Masu tseren keke da ke amfani da ƙananan kwalaben CO2 masu giram 16 sun san haka. Tayar da aka hura da ita tana bukatar a sake auna ta bayan 'yan kwanaki. Na'urorin auna matsin taya da ake ɗaurawa a bakin bawul, masu aika lamba zuwa waya ta Bluetooth, suna sauƙaƙa wannan sa ido.

Tukunya ko kwamfiresa?

Tukunya ta fi sauri nesa ba kusa ba, ba ta jan batir, ba ta da injin da zai ƙone, ana iya ɗaukarta a kai wa wata motar da ta maƙale. Ƙarfinta yana iya mayar da tayar da ta zame daga bakin rim, yana kuma tafiyar da bindigar kwance noti mai aiki da psi 90. Rauninta shi ne tana ƙarewa, tana tsoron zafi, kuma tana bukatar wurin ciko da wurin gwaji.

Kwamfiresa mai aiki da batir, irin na ARB ko Viair, yana da jinkiri, yana ɗaukar zafi, amma muddin injin mota na tashi iskarsa ba ta ƙarewa. Ga mai tafiyar kwanaki a hamada inda babu mai cika CO2 ko da za a yi tafiyar yini guda, kwamfiresa ne abin dogaro, tukunya ƙari ce. Shi ya sa da yawa daga cikin masu wannan harka ke ɗaukar duka biyun.

Wanda ke sha'awar sayen tukunya ya fara da tambayoyi uku kafin ya taɓa manhajar oda: wa zai cika ta a garinsu, kuma da sikeli yake cikawa? Wa zai yi mata gwajin ruwa idan wa'adinta ya cika? A ina za ta zauna a motar, a tsaye, a inuwa, a kafe da noti? Idan ɗaya daga cikin ukun ba ta da amsa, kuɗin ya fi amfani a kan kwamfiresa mai kyau da gejin taya.